Saƙon da Anti Tsinke Ta Karanta Ba Daidai Ba

Duk layin, in ka ce Anti Tsinke, ko yaro ya san shagon da zai nuna maka. Wasu sun ce tsinken kitson da kullum ke soke a ɗankwalinta ne ya ja mata sunan. Wasu sun ce a'a, rama ce, don in ta juya gefe sai ka neme ta ka rasa. Matan da suka daɗe suna miƙa mata kai kuwa dariya suke yi, su ce ai gabanta ne kullum a tsinke. Kuma su suka fi gaskiya. Matsoraciya ce ta ƙin ƙarawa. A buga ƙofa da ƙarfi, ta zabura. Babur ya yi tari a waje, kum ya suɓuce mata. Ƙadangare ya taɓa shiga shagon, baiwar Allah ta haye kujera ta bar kwastoma da rabin kai, sai da Mai Ɗinki ta shagon gefe ta shigo da tsintsiya tana tsaki.

Shagon kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ɗaya, ƙofar gilashi, kujerun roba da ba su yi kama da juna ba, kwanon wanke kai mai tsaga a gefe, da wata tsohuwar na'urar busar da gashi da ta daɗe da mutuwa, an mai da ita wurin rataye tawul. Amma hannu kam, Allah ya ba ta. Kitsonta ba ya zafi, ba ya cin gaban goshi, kuma siraran yatsun nan in suka kama abu, to sun kama.

Tsoron nata ba gado ta yi ba, koya mata aka yi. Mijinta na fari, kuma na ƙarshe, direban babbar mota ne. In ya dawo daga tafiya, daga yadda ya jefa makullin mota a kan tebur take gane irin makon da za a yi. Kunnenta na hagu shi ya kashe shi, da mari ɗaya, a kan ruwan wanka da ya ce ya huce. Duk wanda ya ga fuskarta ya tambaya, amsarta ɗaya ce: faɗuwa na yi. Ta faɗi a banɗaki, ta faɗi a kicin, har a matakala ta taɓa faɗuwa, a gidan da ko matakala ɗaya babu. Kuma aka yi ta ce mata sannu, a dinga lura. Mutane, Allah ya shirye mu, in ba sa son ganin abu, ko a tafin hannu ka ɗora musu ba za su gani ba. Ranar da motarsa ta kife da shi, gida ya cika, kowa na cewa an yi rashin mutumin kirki. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, kuma har yau ba ta iya gaya maka kukan mene ne ta yi.

Bayan ta buɗe shago ne ta gano ashe ba ita kaɗai ce mai faɗuwa a duniya ba. Mace tana iya rufe fuska da hoda, ta rufe wuya da gyale, ta yi wa uwarta dariya a waya. Amma in ta zauna ta sunkuyar da kai aka fara tsaga, komai na nan a ƙarƙashin gashi: ƙulu a ƙeya, tabo a bayan kunne, wurin da aka finciki gashi har ya ƙi tsirowa. Anti Tsinke ba ta taɓa tambayar mace wa ya yi mata ba. Sai dai ta ɗora yatsa a hankali ta ce, "Nan fa?" In aka ce mata faɗuwa ce, sai ta sassauta hannu, ta kewaye wurin da kitso, ta bari sai an yi nisa. Sannan ta juyo da mataccen kunnen ta ce, "Kin ga wannan? Ni ma faɗuwa na yi. Shekara da shekaru ina faɗuwa, sai da maigidan ya rasu ƙasar ta daina santsi."

Wasu su yi kamar ba su ji ba. Wasu su canja shago. Wasu kuwa sai ta ji kafaɗarsu na rawa a tsakanin gwiwoyinta.

A haka abin ya fara, ba da shiri ba. Wata kwastomarta lauya ce, 'yar gajeruwa mai murya kamar ta mutum uku, ita ta ce duk wadda ta shirya a turo mata. Mai Ɗinki ta ce tana da ɗaki a bayan shago, katifa ce dai ba ta da kauri. Ranar da shago ba ya aiki sai a ja labule, mata su taru su wanke wa juna kai, mai magana ta yi, mai kuka ta yi, wadda ta zo yin shiru ma ba a takura mata. Lauya ce ke kiran abin ƙungiya, tana zuba manyan kalmomi a kan 'yancin mata, har ta taɓa jan Anti Tsinke zuwa wani taro don ta yi jawabi. Da aka kira sunanta, a banɗaki aka same ta ta kulle kanta. Ta ce ita kitso ta iya. Duk da haka ita ce uwar tafiyar, kowa ya sani, don ta hannunta kowace ta shigo. Ita ta kafa ƙa'ida biyu. Wadda abu ya ritsa da ita a gida ta turo saƙo a waya, kalma biyu kawai: na faɗi. Wanda duk ya leƙa wayar ba zai ga komai ba. Ta biyun kuma, in saƙo ya zo, ba wadda za ta je gidan ita kaɗai, ko wace ce.

To, sai ga Malama.

Malamar firamare ce, doguwa, mai magana ƙasa-ƙasa kamar tana tsoron tada mai barci. Gidansu a tsallaken titi yake, a saman kantin maganin mijinta. Shi mijin ba likita ba ne, amma da yake yana sa farar riga, yana auna jini, sai layi ya naɗa masa Likita, shi kuma bai ce a'a ba. Mutum ne mai tsabta, mai sanyin murya. In jaririnka ya kwana da zazzaɓi, shi zai bar abin da yake yi ya taɓa goshinsa. Suna da 'ya ɗaya da ba ta isa shiga makaranta ba, wadda kowa ke kira Aku saboda surutu. Yarinyar nan ko da kujera aka bar ta sai ta ba ta labari. Anti Tsinke, da Allah bai ba ta haihuwa ba, ta ɗauki son duniya ta ɗora mata, har tana ajiye mata ƙananan ribom masu kala a cikin gwangwani.

Ranar farko da ta tsaga kan Malama, yatsanta ya ci karo da abin da bai taɓa ji ba. Ba ƙulu ba ne. Ɗinki ne, a jere, ƙanana, masu kyau, na wanda ya iya aikinsa.

"Malama, nan fa?"

"Faɗuwa na yi, Anti. Baban Aku ya ɗinke min."

Tsikar jikin Anti Tsinke ta tashi. Ta ɗaga ido, ta cikin gilashin ƙofa ta hango shi a kantinsa yana miƙa wa wata tsohuwa magani da hannu biyu. Wato wannan ko asibiti ba ta zuwa. Wanda ya fasa shi ke ɗinkewa, ya share, ya sa magani, gobe ya tambaye ta ya jiki. Ta yi maganar kunnenta kamar yadda ta saba. Malama ta ƙara sunkuyar da kai kawai.

A hankali Anti Tsinke ta lura da wani abu da ya fi ɗinkin ba ta tsoro. Ba a taɓa ganin Malama da Aku a waje tare ba, sai in yana tsakiyarsu. In Malama ta tafi makaranta, yarinyar na kanti a ƙarƙashin teburin sayar da magani tana wasa da kwalaye. In Malama ta zo kitso, yarinyar na wurinsa. In yarinyar ce aka kawo kitso, shi ke riƙo hannunta ya tsallako da ita, uwar na sama. Kullum ɗaya na waje, ɗaya na hannunsa.

An daɗe ana haka. Ɗinki ya warke, wani ya fito a gefensa. Sai wata rana, kan Malama na cikin kwanon wanki, famfo na zuba, ta yi magana ba tare da ta buɗe ido ba.

"Anti, in na tafi ba zai ba ni ita ba. In na zauna kuma, wata rana zai yi wanda ba ya ɗinkuwa."

Anti Tsinke ta ƙara buɗe famfon don kar na kusa su ji. Ta sunkuya ta karanta mata lambar Lauya, ta yi ta maimaitawa har ta zauna mata a ka, don Likita yana bincikar wayarta da jakarta. Ta ce, "Lauya ta san yadda ake karɓo yaro ta hanyar hukuma, a zo da jami'ai, ba hayaniya. Amma ba abin da za ta iya sai kin je kin faɗi da bakinki. Kafin nan, in abu ya ɓaci a gida, ki turo min kalma biyun nan. Za mu zo." Malama ta gyaɗa kai, kumfa na gangaro mata a wuya. Da ta fita, Anti Tsinke ta zauna a kujerar kwastoma. Tsoron mutumin nan take ji har cikin ƙashinta, fiye da yadda ta ji tsoron direba, don shi direba ko ba komai yana ihu kafin ya kai hannu.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne, Mai Ɗinki ce zaune a gaban Anti Tsinke, an yi rabin kai. Wayar Anti ta yi ƙara a aljihun zaninta. Ta goge mai a hannu ta duba. Malama ce.

Anti na fadi.

Ta miƙe zumbur. Ta kalli tsallaken titi, kantin a rufe. Kullum a irin wannan lokacin yake rufewa ya hau sama cin abinci, ta sani sarai, amma a ranar sai ta ga rufewar kamar shaida. Ta tuna ba ta ga fitar Malama da safe ba. Ta kira wayarta, tana shiga ba a ɗauka. Ta kira Lauya, ita ma haka. Mai Ɗinki, wadda ƙafarta ke kumbure tun watan jiya, ta riƙe mata gefen zani ta ce, "Ke, zauna. Ke kika ce ba a zuwa mutum ɗaya. Bari in samo mana mutane."

Gaskiya ta faɗa. Amma Anti Tsinke ta san yadda ake kwanciya a siminti, jini na shiga ido, ana sauraron ko wani zai ƙwanƙwasa. Ita ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mata. Ta ce, "Ki yi ta kiran Lauya, kar ki daina." Ta fizge zaninta ta fita, ko takalmi ba ta sa daidai ba.

Matakalar gidan ƙunci gare ta, tana warin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kowane taki ta hau sai ta ji kamar ta juya da gudu. Ta ƙwanƙwasa, a hankali, kamar mai neman gafara.

Likita ne ya buɗe, da cokali a hannu, farar rigar na rataye a bayan kujera. Falon tsaf, ba abin da ya karkace. Aku na zaune a ƙasa da farantinta, tana ganinta ta washe baki.

"A'a, Anti ce da kanta? Bismillah, shigo."

Ta shigo taki ɗaya, ya mai da ƙofa. Ta tsaya a jikin ƙofar, wayar na hannunta.

"Likita, sannu da hutawa. Dama... Malama ce. Ta aiko wai ta faɗi. Na ce bari in duba ta."

"Ta faɗi?" Ya ɗan karkata kai. "Ai tana makaranta tun safe. Mu ga saƙon."

Bai fizga ba. Hannu ya miƙa, ita kuma ta ba shi, kamar yadda take ba duk namijin da ya miƙo hannu da irin wannan muryar. Ya karanta. Ya daɗe yana kallon kalma biyu. Sannan ya ɗauki tasa wayar ya kira shugabar makarantar, suka gaisa da fara'a, ya tambayi iyali, ya ce ko Malama na kusa. Anti Tsinke da kunnenta ɗaya ta ji amsar: ai yau ba ta zo ba, ta ce tana da uzuri.

Ya ajiye wayar. Ya sake duba saƙon, ya karanta shi a fili. Sai dai ba yadda ta karanta ba.

Ka san kalmar nan a baki ko yaro ba ya ruɗewa. In ka ja farkonta, mutum ya sha ƙasa. In ka taƙaita, mutum ya buɗe baki ya yi magana. Amma a rubuce duk ɗaya ne, sai abin da zuciyarka ta kawo. Ita da ta yi rayuwarta cikin faɗuwa, faɗuwa ta gani. Shi da ya yi shekaru yana tsoron ranar da matarsa za ta yi magana, magana ya gani. Kuma shi ne ya karanta daidai. Malama na can tare da Lauya a ofishin jami'ai, ta gama zayyana komai, jikinta na ɓari don daɗi da tsoro, ta rubuto wa Anti albishir a gurguje kafin a karɓi wayoyinsu a shiga ciki. Ta manta shaf da cewa kalmomin nan suna da wani aiki. An shirya sai la'asar a zo da jami'ai a ɗauki yarinya yana tsaye a kanti bai san hawa ba bai san sauka ba. Ga shi Anti Tsinke, uwar tafiya, mai kafa ƙa'ida, ta hau matakala da ƙafarta ta kawo masa labari har falo.

"Anti," ya ce, muryar nan ba ta canja ba, "wa ta je ta gaya wa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ba komai." Ya juya. "Aku, ɗauko takalminki, za mu je unguwa."

Ya ɗauki makullin mota a kan tebur. Ƙarar makullin nan ta shiga jikin Anti Tsinke kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta gane sarai. In ya sauka matakalar nan da yarinyar, an gama. Yana da dangi a garuruwan da Malama ko sunansu ba ta sani ba. Ko dai ba za ta sake ganin 'yarta ba, ko kuma ta dawo da rarrafe tana ba shi haƙuri, ya karɓe ta, ya rufe ƙofa. Kuma duk wautarta ce ta ja.

Kar ka ce ta yi ta maza, don ita ma ba ta taɓa cewa haka ba. Ƙafafunta ne suka saki. Ta sulale a jikin ƙofar, hannunta ya kai sama yana neman abin kamawa, ya faɗa kan makullin da ke jikin ƙofa. Daga nan ne kawai za a ce ita ta yi: ta murɗa, ta zare, ta dunƙule hannu a kai, ta cusa shi a cikinta.

"Anti, ba ni makullin."

Ta girgiza kai.

"Ke babba ce. Kar ki sa in yi miki rashin kunya a gidana."

Ba wanda ya ce wa Aku komai. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta ajiye takalmin, ta rarrafa ƙarƙashin tebur, ta toshe kunnuwanta da tafin hannu, ta runtse ido. Ta san wurin, ta san yadda ake yi. Wannan ne abin da Anti Tsinke ta gani, ta ƙara matse hannun.

Ya durƙusa a gabanta, har da ɗan gyara wandonsa a gwiwa. Ya jawo hannun. Ƙarfi ba ɗaya ba, ya fito da shi kamar na yaro, amma ya kasa buɗewa. Yatsun da suka yi rabin rayuwa suna riƙe gashi ba sa sakin abu don an ja su. Sai ya kama manuniya ita kaɗai, ya laluba gaɓar da babban yatsansa, a nutse, irin na wanda ya san inda ƙashi ya haɗu. Ta ji ƙarar da kunnenta mai kyau. Fitsari ya zubo mata, ta ji ɗuminsa a cinya, kunya da azaba suka haɗu suka rufe mata ido. Kuma ba ta yi ihu ba. Leɓe ta cije, kamar dā, don kar maƙwabta su ji. Sai da ya kama na tsakiya sannan abin ya faɗo mata: yau fa so take su ji.

Ta buɗe maƙogwaro. Ita kanta ba ta san tana da irin wannan muryar ba. Ta kira Mai Ɗinki, ta kira uwarta da ta daɗe a ƙasa, ta kira jama'ar layi. Ya rufe mata baki, ta cije shi. Yatsa na biyu ya tafi, makullin na nan tsakanin sauran da tafin hannu, ya nutse cikin nama.

Sai matakala ta ɗauki ƙara. Mai Ɗinki ce a gaba da kumburarriyar ƙafarta, rabin kai a tsefe, tana dukan ƙofa da ƙarfen guga, mata na bayanta. Ba a jima ba aka ji muryar Lauya ta danne ta kowa, don kiran ya shiga daga ƙarshe, tare da wata murya ta namiji da ta ce hukuma ce, a buɗe. Likita ya saki hannun. Ya miƙe, ya je ya wanke hannunsa, ya ɗauki farar rigarsa ya sa, yana ɓalla maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Anti Tsinke ta so ta miƙa makullin, hannun ya ƙi buɗuwa. Da hagu ta ɓamɓare sauran yatsun nata, ya faɗo, ta tura shi ta ƙarƙashin ƙofa da diddige.

A asibiti Malama ta durƙusa a gefen gadon Anti Tsinke, Aku na maƙale a bayanta, tana kuka tana cewa, "Anti, cewa na yi na faɗi. Na faɗi komai, ban rage ba." Mai Ɗinki ta ce daga yau duk mai turo saƙo ta yi shi da murya, tunda uwar tafiyar tasu karatunta sai a hankali. Aka yi dariya, irin wadda ake yi da jan hanci.

Kar ka ɗauka layi ya tafa mata. Wasu sun ce ta kashe aure. Wasu sun ce mutum kamar Likita, ai sai dai in an kai shi bango. Waɗanda ya taɓa goshin 'ya'yansu suka je suka tsaya masa, bai daɗe a tsare ba ya fito, shari'a kuma ta kama tafiyarta ta hawainiya. Kantin ya sake buɗewa. Yatsun Anti Tsinke suka haɗe a karkace, ƙananan kitson nan da aka san ta da su ta daina, sai manya, su ma tana yi tana hutawa.

Ranar da za a fitar da Malama daga garin, a ofishin Lauya suka yi sallama. Malama ta rungume ta, ta kai baki saitin kunnenta mai kyau za ta raɗa mata inda za su. Anti Tsinke ta yi maza ta toshe kunnen da hannunta mai bandeji.

"Kar ki gaya min. Ke ma Lauya, ko na roƙe ki kar ki gaya min."

"Haba Anti, ke fa? In ba ke ba wa zai zo ya gan mu?"

"Ni na san kaina, Malama. Sau ɗaya na riƙe, ban san ko zan iya na biyu ba. Abin da ban sani ba, ko ya karya sauran ba zai samu ba."

Kuma ba ta yi kuskure ba, don yana tsallakowa. Ba kullum ba. Sai ta saki jiki, sai ta ga inuwar farar riga a gilashin ƙofa. Ba ya shigowa. Daga bakin ƙofa zai gaida matan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Anti, ya hannun? In yana damunki da sanyi akwai man shafawa mai kyau." Sai ya ƙara da cewa, "Kina jin labarin mutanen naki kuwa?" Ta ce ba ta san inda suke ba, idonta a ƙasa. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da yake yi wa ma'aunin jini, sannan ya ce to madalla, ya koma. Ranar ba ta iya cin abinci. Amma ba ta tashi daga shagon ba, kuma ranar hutu ana jan labule kamar kullum, har an samu sababbin fuska.

Wata rana da hantsi tana tsaga kan wata, waya ta yi ƙara, ba lamba a jiki. Ta ɗauka da hagu.

"Anti! Anti ni ce!"

Ta dafa bango. Muryar ta ƙara girma, amma ita ce. Aku ta shiga zuba: ta shiga makaranta, tana da jaka mai hoton kifi, haƙorinta ɗaya ya fita, Mama ta yi ƙiba, matar da ke mata kitso a nan muguwa ce, tana ja kamar za ta cire mata kai, kuma ba ta da ribom ko ɗaya. Anti Tsinke na dariya, hawaye na sauka a haɓarta, ba abin da take cewa sai "iye, 'yar nan, iye." Ji take kamar ta shiga cikin wayar ta ɗauko ta.

"Anti yaushe za ki zo? Ba wuya fa, in kin hau mota sai ki ce a kai ki, sunan garin namu wai..."

Ta kashe wayar.

Ta tsaya da ita a hannu. Ta sake yin ƙara, ta yi ta yi, allon na haske yana mutuwa. Ba ta ɗauka ba. Da ta yi shiru, sai ta kife ta a kan tebur, ta share fuska da gefen ɗankwali, ta zaro tsinke. Matar da ke zaune ta waiwayo tana tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau," in ji Anti Tsinke. "Sunkuyo min kaɗan."